Kukan da Aka Aiko a Kaset

Kara-Bulak, tsakiyar sanyi

Zuwa ga 'yata Gulbarcin,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki da yaran. Ina fata sanyin Novosibirsk, can Rasha, bai kama miki ƙirji ba. Mu nan muna yadda Allah ya bar mu. Ƙafata ta hagu ta kumbura, takalmin babanki nake sawa. Ƙaninki Esenbek lafiyarsa lau, sai dai maganarsa ta ragu. Matarsa Nurkiz ce take rubuta wannan, ta kawo kunnenta kusa da bakina, don kin san tun da aka yi mini aikin maƙoƙo muryata ba ta wuce raɗa.

Magungunan da kika aiko wa babanki sun iso. Sun iso bayan sadakar arba'in. Ga su can a kan taga.

Ke Gulbarcin, ba a garin nan aka haife ki ba? Esenbek ya je gidan waya ya kira ki ya ce, "Ata yana jin jiki sosai, ki taho." Wa ya taɓa faɗin mutuwa ta waya a wurinmu? Ko yarinya ƙarama ta san abin da ake nufi. Ke kuwa sai kika tambaye shi wane magani likita ya ce a saya.

To bari in gaya miki yadda aka raka ubanki, tunda ba ki gani ba. An kafa tanti a tsakar gida, aka kwantar da shi bayan labule. Muka zauna mu mata, fuska ga bango, hannu a ƙugu. Maza suka taho daga bakin hanya suna kuka, suka jeru a jikin tantin ta waje, suka yi shiru suna jiran koshok, waƙar makoki, daga ciki. Kin san maƙwabta ba sa farawa. Sai matar mamaci ta ɗauko waƙar, ko 'yarsa, sannan su kama mata. Na buɗe baki. Iska ce ta fito. Ni Toktokan, da ake zuwa ɗaukata a kan doki daga ƙauyukan bayan dutse in yi wa matattunsu koshok, ranar mijina iska na fitar.

Shirun ya yi tsawo har ina jin dawakai suna taunar linzami. Sai Nurkiz ta fara.

Ke Nurkiz, rubuta mana, me kika tsaya? Ba zaginki nake yi ba, labari nake ba ta.

Kalmomin dai sun yi, don ta sha jin su a bakina. Ta yabi kakanninsa, ta ambaci jan dokinsa, ta ce shi ne rufin gidan nan. Amma muryar, 'yata! Inda ake hawa sai ta miƙe, inda ake sauka a ja numfashi sai ta haye. Kamar ƙyauren garke da iska take kaɗawa. Matan suka yi ta neman inda za su kama mata, babu. Anarkan maƙwabciyarmu tana gefena, kafaɗunta suna rawa. Na ce Allah sarki, ashe haka take ganin girmansa. Ashe dariya take dannewa da bakin gyale. Ba ita kaɗai ba ma. Ita kuwa Nurkiz ta rufe ido tana yi da iyakar ƙarfinta, hawaye har wuya.

Ai tun tana amarya na sani. Esenbek ya taɓa kaɗa mata tsirkiya biyu a molonsa, siririya da kakkaura, ya ce wacce ta fi sama? Ta ce, "Ai duk ɗaya ne." Muka yi ta dariya lokacin, babanki har da share ido.

Da aka dawo daga maƙabarta, Mai Gemu, yayan babanki, ya tsaya a bakin tanti, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Kelin, surukar gidanmu, ƙanina ya ƙare rayuwarsa yana kiwon dawakin jama'a, bai ci amanar kowa ba. Da wannan kuka sallame shi?" Na ba shi amsa. Bai ji ba.

Saura sadakar shekara, idan an sauko da dabbobi daga dutse. Ita ce ta ƙarshe. Ranar za a yanka doki, dangin nesa za su zo, a cire mini baƙaƙen kaya, daga nan ba a ƙara yi masa kuka. Ke kika gaji muryata, kin ma fi ni tsawon numfashi. Ki zo ki yi wa ubanki koshok ko sau ɗaya, ya tafi kamar mutum mai 'ya. Ban ce ki kawo komai ba. Maƙogwaronki kawai.

Mahaifiyarki,
Toktokan

*

Novosibirsk, ƙarshen sanyi

Apa,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar? Ki riƙa ɗora ta a kan matashi. Mu lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, na karanta ta a tsaye a cikin kasuwa.

Apa, na gane. Tun kalmar Esenbek ta farko na gane. Na tambaye shi magani ne don in na ce na gane, dole in ce ga ni nan zuwa, ni kuwa ba ni da halin zuwa. Takardun zamana sun ƙare tun bara. In na tsallaka iyaka ba za a bar ni in dawo ba, ga yara suna makaranta a nan, ga rumfar da nake sayar da riguna ba tawa ba ce, in ban fito ba a ba wata. Da na ajiye wayar na shiga bayan buhunan kaya na toshe bakina da rigar sayarwa. Da na fito na tafi na sayi maganin. Har yau ban san me ya sa ba.

Ga abin da na yi. Ranar hutu na kori kowa daga ɗaki, na zauna fuska ga bango, hannu a ƙugu, na yi wa Ata koshok yadda kika koya mini, na ɗauka a kaset. Maƙwabciyata 'yar Rasha ta yi ta dukan bango, ban tsaya ba. Na ba wani direba ɗan wajenmu ya kawo muku, tare da ƙaramin rediyo mai cin kaset. In takarduna ba su fito ba kafin kaka, a kunna shi a cikin tanti. Maza ai a waje suke tsayawa, ba sa ganin mai yi.

Batun kelin ɗinmu Nurkiz kuwa, don Allah a ba ta aikin shayi ranar. Na tuna sanda take yi wa jaririnta waƙar barci kare ya tashi ya bar ƙofar ɗakin. In ita ce take karanta miki, ta tsallake wannan wurin.

'Yarki,
Gulbarcin

*

Kara-Bulak, lokacin yankan ciyawa

'Yata,

Muna lafiya. Ƙafar tana nan, wani lokaci ta sace, wani lokaci ta tashi. Ciyawa ta yi kyau bana, Esenbek yana fita da asuba. An ware goɗiyar da za a yanka, ana ba ta hatsi.

Wa kike tsammani zai karanta mini in ba ita ba? Ta karanta duka, har da inda kika ce a tsallake. Ta ninke takardar ta miƙo mini, ta ɗauki bokiti ta tafi tatsa.

Na ji batun takardunki. Ni dai sanda babanki ya je aikin soja can ƙasar, ba wata iyaka, jirgi kawai ya hau. Yanzu kin ce akwai. To.

Kaset ya iso. Esenbek ya danna, muka zauna mu uku. 'Yata, muryarki ta nuna. Ta yi nauyi ta ƙasa, irin ta uwata. Da kika zo inda kike cewa, "Wa zai karɓi linzamina in na zo gida, wa zai ce ga 'yata ta sauka," Esenbek ya tashi ya fita, ni kuma ji na yi kamar ana zare mini haƙarƙari. Nurkiz ma ta yi kuka. Na ce mata, "Kin ji yadda ake yi?" Ta ce, "Na ji kalmomin, Apa."

Amma ba zan sa shi a tanti ba, kuma bari in gaya miki dalili.

Ina ƙarama aka kawo takardar mutuwar ubana daga yaƙi. Ba gawa, ba kabari. A shekarar ko rago ba mu da shi na yankawa. Uwata ta ɗauko rigarsa da hularsa ta rataye a jikin bango, ta zaunar da ni a gabansu, ta ɗora mini hannuwana a ƙugu, ta ce, "Fara." Na ce, "Apa, ai ba ya nan." Ta ce, "Shi ba ya nan, ke ba ga ki ba?" Ranar na fara koshok, ciki ba abinci. Na yi har muryata ta dushe, aka ba ni ruwan zafi na ci gaba. Tsofaffin garin suka ce wannan mutum ya bar baya. Tun daga ranar na yi wa waɗanda dusar ƙanƙara ta binne, na yi wa jarirai, na yi wa wani da ban taɓa gani ba don 'yarsa bebiya ce, na zauna ta riƙe hannuna ina yi a madadinta. Duk inda na yi, sai da na kai jikina wurin. Gawa tana iya rashin zuwa. Mai kuka ba ya rashin zuwa.

Esenbek ya ce, "Apa, zamani ya canza." Na ce, "Akwatin nan yana da uba?" Ya ce, "To ke za ki yi, ko Nurkiz?" Tana tsaye a nan da butar shayi ya faɗa.

Maganar ma ta fita. Anarkan ta leƙo jiya wai aron rariya, ta ce, "Toktokan, an ce 'yarki ta zo a cikin akwati? A ina kuke yi mata shimfiɗa?" Na ce, "Kusa da inda za a yi miki taki." Ta kawo kunne ta ce me na ce, na sake faɗa mata.

Ki zo, Gulbarcin. Ki bar yaran wurin ubansu. In sun hana ki komawa, ai nan ma gida ne.

Mahaifiyarki,
Toktokan

*

Kara-Bulak, bayan faɗuwar dusar ƙanƙara

Gulbarcin,

Za ki ga hannun ya canza. Saadat ta gidan waya ce take rubuta mini yau. Lafiyata ba yabo. Na ci abinci jiya.

Ba ki ba ni amsa ba. Na jira har aka sauko da dabbobi. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai na aika a duba. Ana gobe sadaka Esenbek ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Apa, ko kaset ko shiru. Zaɓi." Na tuna fuskar Mai Gemu. Na ce a sa.

Babu wuta a tanti, sai aka zuba wa rediyon batir. Muka rasa wanda zai riƙe. Ni dole in zauna a gaba, fuska ga bango, ba na juyawa sai an cire mini baƙi. Maƙwabta ba a ba su irin wannan. Sai Esenbek ya ce wa matarsa, "Ke tunda an hana ki buɗe baki, ga aikinki. In kin ji kukan maza ki danna wannan. In sun gama ki mayar da shi baya." Ta zauna a bayana, ta rufe shi da bargo a kan cinyarta.

Ranar an yi sanyin da numfashi yake daskarewa a gyale. Da ayarin farko suka iso ta danna. 'Yata, da kin ga abin da muryarki ta yi! Matan suka kama miki amshi, har Anarkan kuka take yi na gaske. A waje na ji wani tsoho daga dangin nesa yana cewa, "Wa ke nan? 'Yarsa ce? Madalla da 'ya!" Na ji Mai Gemu yana kuka kamar yaro. Na ce a raina, Allah ka yafe mini, amma ya samu. Ya samu koshok ɗinsa.

Baƙi kuwa ba sa zuwa lokaci ɗaya. Ayari ya zo, ta danna, ta mayar baya. Wani ya zo, ta danna, ta mayar baya. Wajen azahar na ji muryarki ta fara sauka, sanyi ya fara shanye batir. Kaɗan ne, ba kowa zai ji ba, ni dai na ji. Na ce, "Nurkiz, kashe." Ina raɗa, mata suna amshi, wa zai ji ni?

Sai ga mutanen Nurkiz sun iso daga tsallaken kogi, ubanta a gaba, sun kawo saniya. Ta danna. Muryarki ta fito tana ja da ƙasa. Ta koma ta namiji. Matan suka yi ta saukowa suna bin ki har suka kasa, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Kin zo inda kike cewa wa zai karɓi linzamina, kalmar ta miƙe ta miƙe kamar kukan sa a mayanka. Na miƙa hannu ta baya ina laluben gwiwarta, ban kai ba. Na ce kashe, kashe, har na ji jini a maƙogwarona. Ban juya ba. Ko a lokacin ban juya ba, a gaban dangin mijina. Ita kuwa ta sunkuyar da kai a kan bargon tana kuka, tana bin kalmomin da leɓenta. A kunnenta ba abin da ya canza.

A waje kukan maza ya tsaya cak. Wani ya ce, "Wace ce wannan?" Wani ya yi tari irin na ɓoye dariya. Sai tsohon nan da ya ce madalla ya ce, "Ashe akwati muke yi wa amin tun safe."

Esenbek ya ɗaga labulen ƙofa ya shigo cikin mata da takalminsa. Ya fizge bargon. Na ji ƙarar marin, na ji rediyon ya bugi tukunya. Ta ce, "Me na yi?" Wallahi haka ta ce. Ubanta yana tsaye a bakin ƙofa yana gani.

An ci naman, don ba a barin nama. Ba wanda ya ɗaga kai daga akushi. Da yamma matan dangi suka cire mini baƙi suka sa mini fari. Mai Gemu ya hau dokinsa bai yi addu'ar tashi ba. Mutanen Nurkiz suka tafi da ita da yaron, ba su kwana ba.

An rufe kukan ubanki ke nan. Ba wata rana kuma.

Toktokan

*

Novosibirsk, tsakiyar sanyi

Apa,

Ina gaishe ki. Wasiƙunki biyu tare suka same ni, ta bazara da ta kaka, don mun tashi daga wancan ɗakin, sai yanzu tsohuwar maƙwabciyata ta kawo mini su. Na yi zaton kin amince da kaset ɗin ne shi ya sa kika yi shiru. Na karanta na kwana biyu ban fita kasuwa ba.

Ki gaya wa Esenbek ya ji kunya. Amma ita ma kelin, in ba ta ji da kunne, ba ta ganin mata sun yi shiru?

Apa, akwai abin da zan faɗa, kada ki yi fushi. Tari ya kama ni tun kaka, tsayuwar kasuwa tana cinye mini murya. Takardu kuma shiru. Ina tsoron ranarki ta zo in kasa zuwa, ko in zo ba murya. Don haka na zauna na yi miki naki tun ina iyawa. Na sa uwarki a ciki, da rigar kakana, da duk ƙauyukan da kika je. Ga shi nan tare da wasiƙar. Allah ya sa a daɗe ba a buƙace shi ba. Ba na so ki tafi a shiru.

'Yarki,
Gulbarcin

*

Kara-Bulak, narkewar ƙanƙara

'Yata,

Saadat ce dai. Ki sha madara mai zafi da kitsen rago saboda tarin. Ni ƙafar ta hau har gwiwa, ɗayar ma ta fara.

Saƙonki ya iso. Saadat ta karanta ta ce, "Subhanallahi, wa yake yi wa rayayye koshok?" Na ce ta yi shiru, ba 'yarta ba ce.

Da hanya ta buɗe na sa Esenbek ya ɗora ni a amalanke ya kai ni tsallaken kogi. Shi a bakin gari ya tsaya, bai da fuskar shiga. Uban Nurkiz ya karɓe ni, ya zaunar da ni a wurin manya, bai yi zancen ba. Ta shigo ta rusuna, ta zuba mini shayi ta miƙo da hannu biyu kamar kullum. Yaron ya fara tafiya.

Na jawo kunnenta na ce, "Ki dawo. Mijinki ya rame, gidan ya mutu. Ni kuma na kusa. In na tafi ke za ki yi mini koshok, da muryar nan taki yadda take. Mai dariya ya yi."

Ta ƙara mini shayi. Sannan ta ce, "Apa, ranar Ata da zuciya ɗaya na yi. Na ji shiru ya yi yawa, na ji tausayinsa, na fara. Ban san an yi dariya ba sai da kika faɗa na rubuta da hannuna."

Na ce, "To ai ya wuce."

Ta ce, "Da ban sani ba, da na yi miki. Yanzu in na buɗe baki kafaɗun mutane zan riƙa kallo." Ta ce in ranar ta zo za ta zo ta yi mini wanka, ta dafa wa baƙi shayi, don na riƙe ta da abinci da sutura. Amma ba za ta zauna ga bango ba, kuma ba za ta koma gidan ba. Ta rako ni har amalanke, ta gyara mini bargo a ƙafa. Ba ta dubi inda Esenbek yake ba.

Kaset ɗinki yana cikin akwatin da likkafanina yake. Ban saurara ba. Na gaya wa Esenbek ya sayi sababbin batir ya ajiye, ranar ya sa su a cikin rigarsa jikin fata don kada sanyi ya shanye su. Anarkan ce za ta riƙe, ko da yake maƙwabciya ce, na riga na roƙe ta, ita kunnenta yana ji. Kuma sau ɗaya za a danna, idan Mai Gemu ya iso. Sauran baƙi su yi haƙuri da shiru.

Mahaifiyarki,
Toktokan